Yinin da na yi a kan kogin St. Croix



Tun da na dawo daga Amurka, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka tambayarsa ba ta wuce uku: yaya sanyi, yaya benaye, kuma da gaske ana samun tuwo a can? Sanyi dai ban gamu da shi ba, domin a watan Yuli na je, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. Benaye akwai su, amma wanda ya saba bi ta Marina ba zai riƙe baki ba. Tuwo kuwa surukata ta tuƙa, har da miyar kuka. Abin da ya zauna mini a rai wani abu ne daban, kuma tun da yawancinmu a nan muna da dangi a bakin ruwa, na ga ya dace in ba ku labarinsa.

Ni haifaffen Yelwan Yawuri ne, a bakin kogin Kwara. Duk wanda ya ji haka sai ya ɗauka kifi ne ni. Gaskiyar magana ita ce ban iya iyo ba. Ƙanin mahaifiyata ruwa ya ci shi tun kafin a haife ni, yana dawowa daga cin kasuwa, kuma daga ranar ta yi wa 'ya'yanta iyaka da kogi. Sa'o'ina suna tsalle daga kan kwale-kwale suna faɗawa ruwa, ni ina tudu ina tsare musu riguna. In tafiya ta zama dole, nakan shiga jirgi in riƙe gefensa da hannu biyu, ba na sakin numfashi sosai sai ƙafata ta taɓa ƙasa. Shekara talatin ke nan ina zaune a Legas, garin da ruwa ya kewaye, amma na gwammace in yi awa uku cikin cunkoson hanyar Ikorodu da in hau jirgin da zai kai ni cikin ƙasa da awa ɗaya.

To, babban ɗana yana aiki a Miniyafolis, a jihar Minesota, shi na je gani da iyalinsa. Wata Juma'a da dare muna hira ya ce, "Baba, gobe za mu je kogi." Na ce, "Wa za mu kai?" Ya ce ba kowa. Na ce, "Me za mu ɗauko?" Ya ce ba komai, shaƙatawa ce kawai, za mu ɗauki hayar kwale-kwale mu tuƙa da kanmu. A wurinmu kogi hanya ce, ko gona, ko wurin wanki. Mutum ya biya kuɗi don ya tuƙa jirgin da ba fasinja ba kaya, wannan ban taɓa jinsa ba. Ina shirin neman uzuri sai jikata, 'yar shekara bakwai, ta leƙo ta ce da Hausarta mai karkacewa, "Kaka tsoro yake ji." Na ce, "Amarya, ni ɗan Yawuri za ki yi wa gori da ruwa?" Magana ta riga ta fita, ba damar mayar da ita.

Wurin da muka je sunansa Interstate, gandun shaƙatawa ne na gwamnatin jiha a gefen wani ƙaramin gari da ake kira Taylors Falls, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Miniyafolis. Kogin da ya ratsa wurin shi ne St. Croix, su suna furta shi kamar "Sen Kuroi". Shi ne iyaka tsakanin Minesota da Wiskonsin a wannan yankin, kuma can ƙasa yake zubawa cikin Misisifi. Minesota ta keɓe nata gefen a 1895, Wiskonsin ta keɓe nata a 1900, shi ya sa gandun ya zama na jihohi biyu, kowacce tana kula da gaɓarta. A bakin ƙofa an karɓi dala 7 kuɗin shigar mota na yini guda. Ba a ƙirga kawunanmu ba, motar ake biya wa.

Kafin mu je ga ruwa, sai da muka zaga wani wuri mai baƙaƙen duwatsu a saman kogin. A nan kogin ya matse tsakanin bangaye biyu na dutse, yana tafiya can ƙasa shiru, launinsa kamar baƙin shayi. Na ɗauka datti ne, sai na karanta a allon bayani cewa saiwoyi da ganyayen fadamun da ya ratso ne suke rina shi. Abin da ya fi ba ni mamaki ramuka ne a cikin dutsen, zagayayyu sumul kamar an fafe turmi. Sun fi 200. Wasu ba su wuce bakin tukunya ba, wasu kuwa har matakala aka yi ana sauka cikinsu. Mafi zurfin da aka yashe ya kai ƙafa 60, wajen mita 18. Bayanin da suka rubuta shi ne, kimanin shekara dubu goma da suka wuce, lokacin da ƙanƙarar da ta rufe arewacin ƙasar ta narke, ruwa mai yawan gaske ya kwararo ta nan. Inda ya yi juyi, sai ya riƙa murza yashi da tsakuwa a wuri ɗaya, har suka huda dutsen. Na tsaya a bakin babban ramin ina leƙawa. Ruwan da ya yi wa dutse haka, ina ga katako da mutum? Wannan kallon bai ƙara mini ƙarfin gwiwa ba ko kaɗan.

Wurin hayar jiragen yana ɗan ƙasa da duwatsun, inda kogin ya buɗe ya natsu. A nan na fara lura da abubuwan da suka sa nake wannan rubutu. Wata matashiya ce ta karɓe mu. Ta tambayi mu nawa ne, ta dubi girman kowa, ta raba mu jirgi biyu: ni da ɗana da yarinyar a ɗaya, surukata da ƙanwarta a ɗaya. Na ce ai jirgin nan zai ɗauke mu duka, a gida irinsa mutum goma ne da buhun masara. Ɗana ya yi dariya ya ce ko na ninka musu kuɗi ba za su yarda ba. Sannan aka miƙa wa kowa rigar kariya daidai jikinsa. Ta yarinyar ma sai da aka ɗaure aka kama ta ta kafaɗa aka ɗaga, don a tabbatar ba za ta zame ta kai ba. Dokar jihar ta ce kowane mutum da ke cikin jirgi sai an tanadi tasa rigar, yaron da bai kai shekara 10 ba kuwa dole ta kasance a jikinsa muddin jirgi yana tafiya. Ni ban jira doka ba, na ɗaure tawa tamau a kan kaftanina.

Ta yi mana bayani na minti biyar, ɗana yana fassara mini inda ta yi sauri. Kada a miƙe tsaye a cikin jirgi. In za a shiga, a sa ƙafa a tsakiya, a sunkuya, a riƙe gefe biyu. Na gaba shi ne ƙarfi, na baya shi ne linzami, kuma kowa ya tuƙa ta ɓangaren da ɗan uwansa ba ya tuƙawa. In jirgi mai inji ya wuce ya tayar da igiyar ruwa, a juya masa hanci, kada a ba shi gefe. In jirgi ya kife, kada a sake shi a ce za a yi iyo zuwa gaɓa, a riƙe shi domin ba ya nutsewa. Ta faɗa mana inda za mu tsaya, wato mashigar Osceola, mil 7 daga nan, kimanin kilomita 11, da lokacin da motar ƙarshe za ta kwaso mutane ta dawo da su inda suka ajiye motocinsu. Ta rubuta sunan ɗana da lambar wayarsa da yawanmu. Wato in yamma ta yi ba mu iso ba, akwai wanda ya san mutum biyar ba su fito ba.

Jirgin na alminiyam ne, ba nauyi, mutum biyu suna ɗaukarsa. Da na sa ƙafa ya yi wani lilo, sai da na ambaci sunan Allah da ƙarfi har mutanen jirgin kusa suka waiwayo. Aka ba ni gaba, yarinyar ta zauna a ƙasa a tsakiya, ubanta a baya. Minti goma na farko ban ga kogi ba, ban ga itace ba, hancin jirgi kawai nake kallo. Filafilin yana hannuna kamar an ba ni ajiyar abin da ban san amfaninsa ba. Ɗana ya ce, "Baba, ka tsoma shi gaba, ka ja shi zuwa ƙugunka, ka cire. Kada ka yi kokawa da ruwan, shi ma can za shi." Na tsoma, na ja, na cire. Jirgin ya amsa. Na sake, ya sake amsawa. Ina da shekara hamsin da tara a duniya, ranar na fara jin yadda ruwa yake tura filafili a tafin hannu, abin da yaran unguwarmu suka sani tun ba su yi kaciya ba.

Daga nan idona ya buɗe. Gaɓa biyun duk kurmi ne kore shar, da wuya ka hango rufin gida. Zalɓe yana tsaye a ruwa marar zurfi, irin namu sak. Kififiya uku sun jeru a kan wani gungume suna shan hantsi, muna matsowa suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Can sama yarinyar ta nuna mana mikiya mai farin kai, irin wadda ke jikin tambarin ƙasarsu, tana shawagi ba ta ko kaɗa fiffike. Wani wuri ruwan bai kai gwiwa ba, kana ganin yashi a ƙasa, wani wuri kuma sai ya yi duhu. Jirage masu inji sun wuce mu sau biyu ko uku, kowanne ya rage gudu da ya hango mu. Muka juya hanci kamar yadda aka ce, jirgin ya hau igiyar ya sauka, cikina ya bi shi, amma ba abin da ya faru.

Da rana ta take muka tsaya a wani tudun yashi a tsakiyar kogi. Muka ja jiragen sama, muka yi alwala da ruwan kogin, muka yi Azahar a kan yashi, sannan surukata ta buɗe dambun nama da burodi. Yarinyar ta shiga ruwa da rigarta tana wasa, ta kwanta rigingine, rigar ta ɗaga ta kamar gora. Ta ce, "Kaka, zo ka gwada." Na shiga har ƙugu, ɗana ya tsaya a gefena, na jingina baya a hankali har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ban nutse ba. Ina kwance a kan ruwa ina kallon sama, ni da ko rijiya ba na son leƙawa. Abin da ya zo mini a lokacin shi ne kawuna da ban taɓa gani ba. An ce wurin da jirginsu ya kife ana hango gaɓa. Da akwai irin wannan rigar a jikinsa, Allah ne masani, amma wataƙila da mahaifiyata ba ta yi shekara sittin tana kawar da kai in an ambaci kogi ba. Da muka gama, duk ledar da muka zo da ita muka tattara muka mayar cikin jirgi. Na duba tudun nan kaf ban ga ko murfin kwalba ba, alhali ga sawun mutane ko'ina.

Kada wani ya ɗauka haka Allah ya ajiye musu kogin tun fil azal. Shi ma ya sha wuya. Tun kafin Turawa su zo, mutanen Dakota da Ojibwe ne a yankin, kuma Ojibwe sun shahara da jirgin ɓawon itace, wanda ake ɗinkewa da saiwa a toshe da ƙaro, mutum ɗaya ya saɓa shi a kafaɗa ya tsallaka tudu. Da 'yan katako suka shigo a ƙarni na 19, sai kogin ya zama hanyar gumagumai. Ana sare dazuzzukan arewa lokacin sanyi, in ƙanƙara ta narke a turo itacen cikin ruwa zuwa injinan yanka da ke garin Stillwater. A watan Yunin 1886 gumaguman suka cushe a daidai matsatsin duwatsun da muka tsaya kallo, suka toshe kogin na tsawon mil da dama. Sai da aka yi kusan mako shida ana fama, da dawakai da jiragen ruwa da nakiya, mutane suna zuwa kallo a jirgin ƙasa. Zuwa 1914 harkar turo gumagumai ta mutu, domin manyan itatuwan sun ƙare. Kurmin da na gani yawancinsa sabon tashi ne. A 1968 majalisar ƙasar ta yi dokar kare wasu koguna daga madatsu da gine-gine barkatai, St. Croix na sama yana cikin takwas na farko, aka ƙara ɓangaren ƙasa, inda muka tuƙa, a 1972. Wato sai da suka ɓata, suka ga asara, sannan suka gyara.

Shekarar 1968 ɗin nan ta tsaya mini, domin a ita ce aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki, tsohuwar Bussa ta nutse, aka tayar da dubban mutane har zuwa ƙasar Yawuri. Itatuwan da ruwan ya rufe, kututturan wasunsu suna nan a ƙasa, kuma duk matuƙin yankin ya san su ne abokan gabarsa, musamman da dare ko in ruwa ya ja baya.

A kan hanyar komawa, cikin motar da ta kwaso mu daga Osceola, na yi ta auna abin. Mutanen da na gani a kogin nan ba su kama ƙafar matuƙanmu ba wajen gwaninta. Na ga wasu ma'aurata suna ta zagaye wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, suna dariya. Yaron Sarkawa ko na Gungawa ɗan shekara goma zai tsaya da ƙafa ɗaya a bayan jirgi ya wuce su. Wanda ya taɓa kallon Rigata a Yawuri ko wasannin ruwa na Argungu ya san abin da nake faɗa. Kuma ba jiya muka fara ba. Kwale-kwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, a 1987, an auna shekarunsa sun kai kimanin 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Amma waɗancan marasa gwanintar sun koma gida lafiya da yamma, mu masu gwanintar kuwa kowace damina sai mun yi zaman makoki.

Kun tuna watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, ya rabe a tsakiyar ruwa da mutane fiye da ɗari. Kun tuna Bagwai a ƙarshen Nuwamban shekarar, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne ƙanana. Kun tuna Patigi a watan Yunin 2023, 'yan biki suna dawowa cikin dare, fiye da mutum 100 suka tafi. Allah ya jiƙansu da rahama. In ka bi labaran, dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, sannan ba riga a jikin kowa. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa, to amma mace mai goyo da tsoho da yaron makaranta fa, wa zai fid da su?

Na san abin da wani zai ce: su don nishaɗi suke shiga, mu don dole. Gaskiya ne. Matar da za ta kai shinkafa kasuwa ba ta da zaɓin jirgi, in ta ce ya cika ba za ta shiga ba, kasuwa ta watse kafin wani ya zo. Mai jirgin ma man fetur yake lissafawa, kowane fasinja da ya bari a gaɓa asara ce. Hanyar mota da gada aikin gwamnati ne, haka ma cire kututture da sa ido a kan lodi, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana nan da hedikwatarta a Lakwaja. Amma cikin abubuwan da matashiyar nan ta yi mana, ban ga wanda ya fi ƙarfinmu ba. Ta ƙirga mu. Ta hana mu cika jirgi. Ta ba kowa riga. Ta rubuta sunanmu. Ta faɗa mana lokacin da ya kamata mu fito daga ruwa. Ko a nan Legas, a manyan tashoshin jiragen ruwa ba ka shiga sai ka sa riga, kuma mutanenmu suna sawa ba musu. Mutum ɗaya ne, in ya isa gida ya tsaya a mashigar ƙauyensu, sai ya ji kunyar tambaya, kada a ce birni ya mayar da shi matsoraci.

Mu da muke ci-rani a kudu muna aika kuɗi gida don azumi, don biki, don rufin ɗaki. Ni dai na yanke shawara, kafin ruwa ya cika bana zan sayi riguna goma, manya da ƙanana, in kai su da hannuna wurin Sarkin Ruwan mashigar da dangina suke bi, a ajiye a hannunsa, mai shiga ya sa, in ya sauka ya mayar. Goma ba za su ishi jirgi ɗaya ba ma, na sani. Amma mu nawa ne a nan daga Kebbi da Neja da Kwara da Kogi da Taraba? In kowa ya ɗauki mashigar garinsu, kafin shekara biyu abin zai zama al'ada, kamar yadda hular kwano ta zama wa masu babur a wasu garuruwa. Wanda zai saya ya duba nauyin da aka rubuta a jikin rigar, ya tabbatar maɗaurinta yana kamawa, domin rigar da ta yi wa yaro yawa zamewa take yi ta bar shi. Kuma duk wanda zai tafi gida da iyali, in ya tarar jirgi ya cika ko magariba ta kawo jiki, ya kwana a gaɓa. Gara a ce ka makara.

Sauran shawarata ga iyaye ce, musamman mata. Tsoron da mahaifiyata ta yi mini na ƙauna ne, Allah ya saka mata da Aljanna. Amma hana yaro ruwa ba ya hana shi hawa jirgi wata rana, sai dai ya hau bai san komai ba. Inda akwai wurin koyon iyo mai tsaro da mai koyarwa, a kai yara, maza da mata, kowa da irin suturar da ta dace da shi.

Allah ya tsare mana matafiyanmu na tudu da na ruwa, ya kai kowa gida lafiya. Wanda yake da masaniyar inda ake samun rigunan nan masu inganci a farashin sari a cikin Legas, don Allah ya sanar da mu.